Hayar Kwana Huɗu

Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, kawuna yana jan tifa a wurin aikin dam ɗin Tiga. An fara aikin a 1971, zamanin Gwamna Audu Bako, ba a kuma gama shi ba sai 1974, saboda haka canjin hannun ya same shi da lodin dutse a baya. Ya sha ba mu labarin. Ya ce an daɗe ana shela a rediyo, an bayyana wa mutane cewa Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomi duk a dama suke tafiya, bai kamata mu kaɗai mu zama saniyar ware ba. Kowa ya ji, kowa ya gane. Amma abin da kunne ya ji daban, abin da hannu ya saba daban. Ya ce hannu kan koyi sabon abu cikin mako guda, ido kuwa sai ya yi watanni yana auna titi da tsohon mudu. Wata guda cur ya yi yana rarrafe da tifar, yaron motarsa na maƙale a ƙofa yana yi masa tuni a kowace kwana: “Dama, maigida, dama!” Abokan aikinsa suna yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Da aka gama dam ya sayi Fijo tasa ta kansa, ya shekara fiye da talatin yana jigila daga Kano zuwa Kwanar Dangora, ya karya ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa. Shi ya koya mini tuƙi. Bai taɓa tayar da mota ba sai ya zagaya ta, yana shafa bodi, yana dukan tayoyi da ƙafa. Duk wanda kuma ya zauna a gidan gaba, ko yaro ne, sai ya juya ya ce masa: “Kai ne idona na wannan gefen. In ka ga abu ka faɗa, kada ka ji nauyina.”

Na kawo wannan ne don a san irin idon da na tafi da shi tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus, inda na yi karatu.

Tsibiri ne a Bahar Rum, na uku a girma bayan Sisili da Sardiniya. Turawan Ingila sun karɓe shi a 1878, suka bar shi a 1960, shekarar da suka bar mu, suka kuma bar musu tuƙin hannun hagu, wanda har gobe ba su canja ba. A 1974, shekarar da ruwa ya fara kwanciya a Tiga, yaƙi ya raba tsibirin biyu, Girkawa a kudu, Turkawa a arewa, da wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 180 a tsakani wanda sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke tsaro. Mu ɗalibai ’yan Nijeriya galibinmu a arewa muke, ɓangaren da babu ƙasar da ta amince da shi sai Turkiyya. Baƙon da ya sauka filin jirgin Erjan abubuwa uku ke fara ruɗa shi. Kowane gari suna biyu gare shi ko uku: Nikosiya ita ce Lefkosha, Kireniya ita ce Girne, Famagusta ita ce Magusa, kuma sunan da ke taswirar wayarka ba lallai shi ne a allon titi ba. Sannan akwai titin da za ka hau lafiya lau, shimfiɗaɗɗe, sai ya ƙare a jikin ganguna da waya mai ƙaya. Na ukun shi ne hannun.

Motocin haya a can jar lamba ake sa musu. Duk mutumin tsibirin da ya hango jar lamba ya san baƙo ne a kan sitiyari. Sai ya rage gudu, ya ba da tazara, ya yi tsammanin komai.

A watan Yunin 2019 aka yi bikin yaye mu. Iyaye suka zo daga gida, waɗanda suka samu iko. Cikinsu akwai wata Hajiya daga wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada, mijinta ya rasu, da masara da shinkafa ta riƙe karatun ɗanta, wannan ne kuma karonta na farko a jirgi in ban da aikin Hajji. Akwai kuma wani babban mutum daga yankinmu, wanda kowa ke ce wa Yallaɓai, ya zo da ɗansa da ya gama tare da mu da kuma wani yaronsa mai riƙe masa jaka da wayoyi. Muka yi shawarar mu ɗauki mota mai cin mutum bakwai mu zaga da baƙinmu su ga gari. Na bakwai ɗinmu wani ɗalibi ne ɗan Doguwa, shiru-shiru, wanda ya shekara uku yana kai wa mutane abinci gida-gida da motar wani gidan abinci don ya biya kuɗin makaranta. Babu lungun Lefkosha da bai sani ba, yana kuma jin Turkanci. A raina na gama cewa shi zai ja mu.

Daren da za mu ɗauki motar sai ga Yallaɓai a masaukinmu na ɗalibai. Ya zo da kilishi da yaji daga gida, yaronsa kuma ya shigo da katan biyu na taliya da galan na mai. Wanda ya yi zaman ɗalibta a ƙasar waje, kuɗin gida ya makara, Naira tana faɗuwa, shi ya san abin da katan na taliya yake nufi. Ya zauna a tabarmarmu, ya ci da mu a faranti ɗaya, ya tambayi kowa sunan ƙauyensu, ya kuma san wani a kowane ƙauye. Sannan ya ce shi zai tuƙa. Ya ce ya yi tuƙi a Landan, ya yi a Dubai, wannan ɗan tsibirin bai kai ya ba shi wahala ba. Ya ce zai kai mu har Larnaka, mu ziyarci kabarin Ummu Haram bint Milhan, sahabiyar Manzon Allah (SAW), matar Ubada bin Samit, wadda tarihi ya ce ta rasu a tsibirin bayan ta faɗo daga kan abin hawanta a zamanin halifancin Sayyidina Usman. Hajiya da ta ji haka sai ta ɗaga hannu sama tana hamdala.

Ɗan Doguwa ya ce a hankali, “Yallaɓai, Larnaka a kudu take. Takardunmu na nan ne, ba sa aiki a can. Motar hayar ma ba za ta tsallaka ba.”

Yallaɓai ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. “Yaro, bar wannan a hannuna. Na san mutane.”

Aka ce to kowa ya faɗi wanda yake so. Yaronsa da ɗansa ba sai an tambaye su ba. Ɗan Hajiya ya dubi uwarsa, ya ce Yallaɓai. Ni ma na ce Yallaɓai. Na san abin da ɗan Doguwa ya faɗa gaskiya ne, na san shi ya fi iyawa, amma baki ya ci, ido ya ji kunya. Kuɗin haya da kuɗin ajiya da ake bari saboda ɓarna mu huɗu muka haɗa: ni, da Hajiya, da ɗanta, da ɗan Doguwa. Yallaɓai ya ce gudummawarsa ita ce wahalar tuƙi.

Hayar ta kwana huɗu ce, in ana so a ƙara wasu huɗun.

Mai ba da motar wani dattijo ne Baturke. Ya fito da takarda mai zanen mota, gaba da baya da gefe biyu, ya ce mu zagaya tare a sa alama a duk inda aka ga tsohon tabo. Yallaɓai bai zagaya ba, ya riga ya shige yana gyara kujera da madubi. Ni da ɗan Doguwa muka bi dattijon. Gefen dama, wato gefen direba, sumul yake kamar yau aka fito da shi daga kamfani. Gefen hagu kuwa tun daga bamba har fitilar baya ƙarzane-ƙarzane ne, an shafe wasu da fenti, wasu an bar su. Na tambayi dalili, ɗan Doguwa ya yi tafinta. Dattijon ya ce duk motocinsa haka suke. Ya ce wanda ya saba zama a kujerar hagu, jikinsa ya riga ya haddace inda yake zama a kan titi. In ka mayar da shi kujerar dama, sai ya riƙa jan kansa zuwa tsohon wurinsa ba tare da ya sani ba, ya ture sauran motar zuwa bakin titi. Shi a wurinsa daidai yake tafiya. Wanda ke kujerar fasinja shi yake ganin lambatu yana matsowa. Ya miƙa makulli ta taga ya ce, “Yawash, yawash.” Wato sannu sannu.

Yallaɓai ya leƙo ya tambaya ko babu motar da ba ta da jar lamba. Ya ce wannan ai tozarta baƙo ne. Aka ce babu.

Ga yadda muka zauna, don zaman yana da muhimmanci a labarin. Yallaɓai a dama kan sitiyari, yaronsa a bayansa, ɗansa a can ƙurya ta dama. Ni a gidan gaba ta hagu, Hajiya a bayana jikin taga, ɗan Doguwa a ƙuryar hagu. Ɗan Hajiya a tsakiya.

Daga Lefkosha zuwa Girne bai wuce kilomita ashirin da ’yan kai ba, amma sai an haura duwatsun da suke kira Beshparmak, wato yatsu biyar, sannan a gangara bakin teku. Tun kafin mu fita gari na fara jin tayar gefena tana taɓa dakalin titi. Motar ƙirar Japan ce, sigina a dama, waifa a hagu, akasin tamu ta gida. Duk sanda zai yi kwana sai ya taɓa waifa, ta hau goge busasshen gilashi cikin zafin Yuni, inda ake yin watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. Shi a zuciyarsa ya ba da sigina. Na bayanmu ba su ga komai ba sai mota ta karkata. Suka riƙa taka birki, suna ja da baya, wasu har su sauka gefe su tsaya sai mun wuce.

Yallaɓai ya dubi madubi ya ce, “Kun gani? Mutanen nan sun san manya.”

Yaronsa ya ce, “Ai ranka ya daɗe, hannunka daban ne.”

Na ce, “Yallaɓai, a ɗan matsa dama, gefena ya yi kusa da ƙarfe.” A gangaren dutsen ke nan, inda ƙarfen kariya ne kawai tsakaninmu da kwazazzabo. Ya ce shi da yake riƙe da sitiyari ya fi ni ganin hanya. Na sake faɗa. Yaronsa ya ce daga inda yake zaune shi bai ga wata matsala ba, kuma gaskiya ya faɗa, daga can babu abin da ake gani sai farin layi da sarari. A karo na uku Yallaɓai ya ɗaga gilasai duka, ya ƙure na’urar sanyi, ya kunna rediyo. A lungunan tsohon garin Girne, kusa da tashar jiragen ruwa, madubin gefena ya daki bangon wani gida ya karye ya rataya da waya. Ya ce laifin masu ginin ne da suka ci titi. Ginin kuwa ya girmi motar farko da aka ƙera a duniya.

Ya sa yaronsa ya ɗauke shi hoto a bakin teku, ya jingina da ƙofar direba, kwale-kwale a bayansa. Aka sa a Facebook. Duk hotunan tafiyar nan ta gefen dama aka ɗauke su, kuma duk wanda ya gan su a gida zai rantse motar ba ta taɓa ko ƙura ba.

Kwana na biyu shataletalen Gonyeli ya cinye mana rabin safiya. Babban shataletale ne a bakin Lefkosha, inda manyan hanyoyi suka haɗu. A can ana zagayawa ne yadda hannun agogo ke tafiya, kuma na damanka kake ba hannu. Ya shiga da ƙyar, ya faɗa layin ciki, ya kasa fita. Duk sanda muka zo mafitarmu sai waifa ta tashi, babu wanda ya san fita yake son yi, babu wanda ya ba shi wuri, sai mu sake zagayowa. Ɗan Doguwa ya ce daga baya, “Yallaɓai, ka koma layin waje tun kafin mafita.” Aka ce masa mota ba ta da direba biyu. Na ƙirga zagaye shida. A na biyar Hajiya ta ce, cikin ladabi, “Alhaji, wannan gidan man kamar mun wuce shi ɗazu.” Ya ce gine-ginen ƙasar ne suke kama da juna, tafiya muke yi, ta dubi allon gudu ta ga kilomita nawa muka ci. Lambobin kuwa suna ta ƙaruwa, haka allurar mai tana ta sauka. Man mu muke zubawa.

Kwana na uku aka ce yau sai Larnaka. Hajiya ta yi wanka ta sa fararen kaya, ta ɗauko carbinta na Madina. Muka isa mashigar Metehan, ɗaya daga cikin ƙofofin da aka fara buɗewa tsakanin ɓangarorin biyu tun 2003. Yallaɓai ya fita da wayoyi biyu, ya yi ta kai da kawo a rana yana magana da ƙarfi. Bayan kusan awa biyu ya dawo ya ce mutumin nasa ya yi tafiya, amma magana ta yi nisa, ana kan aiki, kafin mu bar tsibirin za a shiga. Hajiya ba ta ce komai ba. Ta naɗe carbin ta sa a jaka.

A rana ta huɗu muka bi yammacin Girne, muka wuce ta saman dam ɗin Gechitkoy. Ɗan Doguwa ya gaya wa Hajiya cewa ruwan nan daga Turkiyya yake zuwa, ta bututun da aka ratsa teku da shi tsawon kilomita 80, an buɗe shi a 2015, an tsara ya kawo mita kubik miliyan 75 a shekara. Na ce mata na Tiga in ya cika ya kusa biliyan biyu. Ta daɗe tana kallon ruwan ta taga, wannan matar da ta tsufa tana jan guga a ƙauyen da ba shi da nisa da bakin Tiga. Ta roƙi a tsaya ta gani da kyau. Yallaɓai yana waya, bai ji ba.

Daren nan wa’adi ya cika. Muka fita da fitilar waya muka duba gefen hagu: madubi a karye, doguwar ƙarza daga ƙofata zuwa ta Hajiya, murfin taya ɗaya ya faɗi ban san inda ba. Dukkanmu mun gani. Ɗan Doguwa ya ce shi ba neman girma yake ba, amma hanyar Karpaz da za mu bi siririya ce, a bar shi ya ja. Sai ga Yallaɓai ya iso da gasassun kaji da lemo. Ya ce kwana huɗun nan na koyon hanya ne, yanzu ne hannunsa ya faɗa, yanzu za mu ga tuƙi. Ya ce wanda ya fara maganar Larnaka shi ya kamata ya ƙarasa ta, in aka canja hannu duk ƙoƙarin da aka yi ya tashi a banza. Game da ƙarzar kuma ya ce a haka ya karɓi motar, waɗanda suka yi haya kafin mu ne suka lalata ta, kowa ya ji abin da dattijon ya faɗa. Yaronsa ya jawo ɗan Hajiya gefe, ya ce masa ɗan Doguwa fa ba ɗan ƙasarsu ba ne, can kusa da Riruwai yake, a ina aka taɓa barin na gida a ɗauki na nesa? Daga Tudun Wada zuwa Doguwa dajin Falgore ne kawai a tsakani, amma a daren nan sai ya zama kamar teku.

Aka sake tambaya. Aka sake ba shi makulli. Muka sake haɗa kuɗin wasu kwana huɗu, mu huɗun nan dai.

Magusa ba ta ba mu wahala sosai ba. Mun yi sallar Azahar a masallacin Lala Mustafa Fasha, wanda coci ne kafin Daular Usmaniyya ta ci garin a 1571. Mun tsaya a jikin wayar Marash, unguwar otal-otal da mutanenta suka gudu a 1974 suka bar ta, a lokacin ba a buɗe ko lungu ɗaya nata ba. Benaye a jere a bakin teku, babu tagogi, itatuwa sun tsiro a tsakiyar kwalta. Wanda ya san otal ɗin da ke kan dutse a Tiga da na Bagauda a zamanin da ake cika su, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda gini yake mutuwa a tsaye.

Karpaz wani dogon zirin ƙasa ne da ya miƙe gabas kamar wutsiya. Can ƙarshensa akwai jakuna da ba su da mai su, jikokin waɗanda manoma suka bari. Sun saba da motoci, sukan tare hanya su zura kai ta taga suna neman karas. Hajiya ta yi dariya a karon farko cikin kwanaki, ta ce jakin ko’ina dai jaki ne. Muka kwana a wani ƙaramin masauki kusa da ƙauyen Dipkarpaz.

Da sassafe, rana ta bakwai, muka kamo hanyar dawowa. Kawuna yakan ce ba cunkoso ne ke kashe sabon hannu ba, domin a cunkoso kana bin na gabanka. Titin da babu kowa shi ne abin tsoro, nan ne tsohon hali yake dawowa. Yallaɓai ya fito daga masaukin ya hau hannun dama, hankalinsa kwance, yana ba yaronsa labarin wani fili da zai saya. Na ce, “Yallaɓai, aron hannu kake.” Ɗan Doguwa ya ɗaga murya daga baya, “Hagu! Koma hagu!” Yallaɓai ya juyo gaba ɗaya ya ce shi ba a yi masa tsawa a mota, ya haifi wanda ya girme shi. Yana cikin faɗin haka wata a-kori-kura ta ɓullo daga kwana. Ya fizgi sitiyari zuwa hagu da dukkan ƙarfinsa. Ya tsere wa motar, ya wuce hannunsa, ya haɗa gefenmu da katangar dutse ta wata gona.

Ƙarar ba ta fita daga kunnena ba har yau. Tayar gabana ta fashe, ƙofata ta lotsa ta danne mini gwiwa. Gilashin Hajiya ya tarwatse a jikinta, kafaɗarta ta daki ginshiƙin ƙofa, hannun ya saki. Ɗan Doguwa ya fashe a goshi. Yallaɓai ya buɗe ƙofarsa, wadda ta buɗe lafiya lau, ya fita, ya duba jikinsa, ya duba gefensa, ya ce, “Alhamdu lillahi, Allah ya tsare. Ba don ƙwarewa ba da yanzu wani labarin ake.” Yaronsa ya ce wallahi haka ne.

Mai a-kori-kurar manomi ne, tsoho. Ya tsaya, ya dubi jar lambar, bai yi faɗa ba. Ya taimaka muka zaro Hajiya ta ɗaya ƙofar, ya yage rigarsa ya ɗaure mata hannu, ya ɗauke ta da ɗanta zuwa asibiti. Ɗan Doguwa, jini na bin fuskarsa, shi ya durƙusa ya sa safaya.

Da azahar Yallaɓai ya ce an kira shi daga gida, akwai taron da ba zai yiwu a yi babu shi ba, jirginsa na daren nan. Ya kira tasi. Ya miƙa wa ɗan Doguwa makulli ya ce, “To, ga abin da kake ta nema.” Allurar mai tana kan ja. Ya ce maganar Larnaka tana nan, bai manta ba.

Ɗan Doguwa ya ja mu zuwa Lefkosha a kan safaya, bai wuce gudun hamsin ba. Kafin ya tayar sai da ya zagaya motar. A kowace kwana ya ba da sigina, siginar gaske. Har muka isa ko tsakuwa bai taka ba, sai dai motar tana ja gefe guda, tana kuka, ƙofar hagu a ɗaure da igiya. Waɗanda suka gan mu a hanya shi suka gani a kan sitiyarin fasasshiyar mota. Daga baya na ji Yallaɓai yana gaya wa mutane a gida cewa shi lafiya ya miƙa ta, ga hotuna.

Dattijon ya fito da takardarsa mai zanen mota. Ya fara ta dama, bai sa alama ko ɗaya ba. Ya zagayo hagu ya daɗe a tsaye, sannan ya ja layi ɗaya dogo daga fitilar gaba zuwa ta baya. Inshorar da muka saya mai arha ce, ba ta ɗauki taya da gilashi ba, sauran ma sai mun fara biyan wani kaso. Kuɗin ajiya ya tafi duka, aka bi mu ciko. Na tambaye shi ko motar ta gama yawo. Ya ce a’a, mai gyaran bodi zai buga ta, ya cike ramukan, ya fesa fenti, mako mai zuwa wani zai ɗauka. Ya ce abin da ba ya gyaruwa shi ne ƙashin motar, duk bugu yana ɗan karkata shi, fenti kuma ba ya shiga can.

Hajiya ta kwance bakin zaninta da hannu ɗaya ta biya rabonta. Kuɗin takin masararta ne, wadda ta baro ta kai gwiwa tana jiran ta koma ta zuba. Ban ji ta zagi kowa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, da ta sani da ta zauna a bayan direba.

Da na dawo Tiga na sami Kawu a ƙofar gida, ido ya yi rauni, ya daina tuƙi. Na ba shi labarin tun daga taliya har katanga. Bai tambaye ni komai game da Yallaɓai ba. Ya ce, “A daren da kwana huɗun farko suka cika, kun duba motar?” Na ce mun duba. Ya ce, “Da fitila?” Na ce da fitila. Ya yi shiru, ya ci gaba da jan carbinsa.

Hannun Hajiya bai koma daidai ba, har yanzu ba ta iya ɗaga shi sama da kafaɗa, jikarta ke ja mata guga. Masarar shekarar nan ba ta yi rabin abin da ta saba ba. Ɗan Doguwa yana nan a garinsu yana koyarwa a wata makarantar sakandare.

Shekara huɗu bayan nan Yallaɓai ya kira ni. Ƙaramin ɗansa zai gama a tsibirin, zai je biki. Ya ce yanzu ya san hanyoyin kamar tafin hannunsa, kuma wannan karon Larnaka ba fashi. Ya ce in haɗa shi da yaran yankinmu da ke karatu a can, su fara tara kuɗin haya. Na kira ɗaya daga cikinsu don in ba shi wannan labarin. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce katan huɗu na taliya sun riga sun iso masaukinsu tun shekaranjiya.